Ni Dai Koya Mini Aka Yi

A Tudun Wadar Zariya aka haife ni, a nan na yi firamare, a nan aka ɗaura mini aure, kuma har yau ban bar unguwar ba. Malamar makaranta ce ni, Hausa nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, ina kuma rubuta littattafan labari. Albarkacin rubutun nan ne ake aiko mini da katin gayyata zuwa tarukan marubuta, har na taka garuruwan da a da sai dai in ji sunansu a rediyo. Kusan duk taron da na halarta, da an buɗe fagen tambayoyi sai an sami wanda zai miƙe ya ce: wai shin rubutun ƙirƙira koyon sa ake yi, ko kuwa baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita? Mai gabatarwa zai dubi agogo ya ce a amsa a taƙaice, lokacin salla ya gabato. Ni kuwa tawa amsar ba ta taƙaituwa, don tarihin rayuwata ne ɗungurungum. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta ta a tsanake, ko Allah zai sa ta isa ga wata yarinya da aka sanyaya wa gwiwa.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, mai duba kurakurai ne a maɗaba'a. Aikinsa shi ne a kawo masa shafukan gwaji kafin a buga littafi, ya bi su layi-layi yana farautar inda harafi ya faɗi, ko inda aka sa k a gurbin ƙ, ko aka haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Shafukan da aka gama da su yakan ɗauro su a bayan kekensa ya kawo wa Inna, ita kuma ta riƙa naɗe wa masu sayen ƙosai da su. Ni ce mai yayyaga takardun da asuba, kuma kafin in yaga sai na karanta. To, shafukan ba sa zuwa a jere. Yau in sami tsakiyar wani labari, gobe shafin littafin kiwon lafiya, jibi 'yan baitocin wata waƙa da ba kai ba gindi. Sau da yawa labari na kaiwa inda ya yi daɗi sai takarda ta ƙare. Abin yakan hana ni sukuni, in wuni ina saƙa yadda aka ƙare, da dare in ba ƙannena labarin da ƙarshen da na ƙago masa. In akwai abin da za a kira baiwa a tare da ni, to wannan ne: ba na iya barin labari a rataye. Allah ne ya sa mini shi, domin ƙannena ma sun yagi takardun nan, amma su ko a jikinsu.

Sai dai ko a waɗancan shekarun ba a bar ni da baiwata ni kaɗai ba. Goggo, yayar Baba da ke zaune a gidanmu, gwanar tatsuniya ce, kuma ba ta yarda yaro ya zauna sauraro kawai. In ta yi biyu sai ta ce, saura ke. In fara "Ga ta nan, ga ta nanku", a amsa "Ta zo mu ji ta", ina cikin zuba sai ta ɗaga hannu. "A'a, 'yar nan, kin yi gaggawa. Wa ya ce ki faɗa musu kura ce a bayan rumbu? Bari su ji motsi tukuna." Ko ta ce, "Ba a nan ake waƙar ba, sai yarinyar ta isa bakin kogi." Goggo ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma a wurinta na fara sanin cewa labari yana da abin da ake ɓoyewa da lokacin da ake fito da shi, kuma wanda ya iya yana iya nuna wa wanda bai iya ba.

Lokacin da na yi aure, littattafan Kano sun cika gari. A kasuwar Tudun Wada da ta Sabon Gari akwai masu bayar da haya, ki biya 'yan kuɗi kaɗan ki kai gida, ki dawo da shi jibi bayan ya zagaya ɗakunan matan gida kaf. Masana na can suna muhawara a jaridu kan ko wannan adabi ne ko ba adabi ba, har aka laƙaba masa Adabin Kasuwar Kano. Mu dai karatu muke yi, kuma a bangon littattafan nan ne na fara ganin sunayen mata irina, matan aure masu goyo. Sai na sayi littattafan rubutu na 'yan makaranta na fara nawa, bayan isha'i in yara sun yi barci, da fitilar ƙwai in an ɗauke wuta.

Da na gama na kai wa Baba. Lokacin idonsa ya yi rauni, ya bar aiki. Ya jinjina littattafan a hannu, ya ce, "Ni harafi na sani, ban san labari ba. Amma akwai wanda ya sani." Ya haɗa ni da wani tsohon abokinsa a cikin birni, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aikin edita. Maigidana, Allah ya saka masa da alheri, shi ya zuba littattafan a leda ya shiga ta Ƙofar Doka ya kai masa. Bayan 'yan makonni suka dawo jajawur. Babu shafin da jan biro bai taɓa ba, wasu shafukan ma layi ɗaya aka ja daga sama har ƙasa. Na yi kuka ranar nan, ba zan ɓoye ba. Sai da na kai shafin ƙarshe na ga ya rubuta: "Akwai abu a nan. Ki zo mu yi magana."

Ranar wata Asabar muka je. Maigidana ya durƙusa a zaure ya ce, "Allah gafarta Malam, ga 'yar taka na kawo." Aka shigar da ni cikin gida, aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗakin uwargidansa, ita tana gefe tana tsintar shinkafa a faifai. Malam ya shigo da tabarau mai kauri da gilashin ƙara girman rubutu. Bai yi mini dogon jawabi ba. Babi na farko ya buɗe, ya miƙo mini, ya ce, "Karanta mini da ƙarfi, 'yata."

Babin da gaisuwa ya fara. Tauraruwata ta tashi ta gaida mahaifiyarta, ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya. Ta je ta gaida mahaifinta, ta gaida kishiyar uwa, ta gaida kaka, kowa da tasa amsar, har shafi uku. Ina karantawa ina jin muryata tana yin ƙasa. Ya bar ni har na kai ƙarshe, sannan ya ce, "Cikin gaisuwar nan duka, wacce ce take da magana a cikinta?" Na sake dubawa, na ce ta kishiyar uwar, domin ita ce ta amsa ba tare da ta ɗago kai ba. Ya ce, "To ita kaɗai za ki bari. Mai karatunki Bahaushe ne, ya san ana gaisuwa da safe. Abin da bai sani ba shi ne a gidan nan akwai ɗakin da ake amsa ta a daƙile." Shafi uku suka koma layi huɗu, kuma layi huɗun nan sun tona halin gidan fiye da duk bayanin da na yi ta zubawa a babi na biyu.

Muka zo kan siffar yarinyar. Fara ce, doguwa, mai dara-daran idanu, hanci har baka, gashi har gadon baya. Malam ya cire tabarau ya ce, "Yarinyar nan na haɗu da ita a littattafai ba adadi. In ta ɓata a kasuwar Sabon Gari, da me za a yi cigiyarta?" Na rasa ta cewa. Da na koma gida na ba ta tabon ƙunar mai a tsintsiyar hannu, na kuma sa ta tana cizon bakin gyalenta duk lokacin da za ta yi ƙarya. Daga ranar ta zama mutum, har ni kaina na fara jin tausayin ta.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na gidan Alhaji. Rabin labarin a wani katafaren gida na ajiye shi, mai falo bakwai da motoci jere. Malam ya ce, "Kin taɓa shiga irin gidan nan?" Na ce a'a. Ya yi shiru, can ya ce, "Me Innarki take yi da asuba?" Na fara ba shi labari kamar wasa: yadda take jiƙa wake tun dare, ta surfe shi, ta wanke, ta aike ni niƙa, yadda take buga ƙullun har sai ya tashi, yadda take ɗiga ɗan ƙullu a kasko don ta ji ko mai ya yi zafi, kuma da kunne take ganewa, ba da ido ba, yadda take kwance haɓar zane bayan hantsi ta ware kuɗin wake da na mai da na itace, abin da ya rage in babu yawa sai ta ƙulle da sauri kada mu gani. Ina cikin magana Malam ya ajiye biro ya nuna mini uwargidansa. "Kin ga ta daina tsintar shinkafa? Tun ɗazu kike karanta gidan Alhaji ba ta ɗago ba. Wannan da kika faɗa yanzu, shi za ki rubuta."

Haka muka yi shekaru. Ya koya mini in daina tsayar da labari ina yi wa mai karatu wa'azi. Yakan ce in labarin ya yi aikinsa, ba sai kin hau mumbari ba. Ya koya mini in tambayi kowane tauraro dalilin abin da ya aikata, in ba shi da dalili in cire aikin. Ya koya mini inda ake datse babi. Har Zazzagancina ya raba mini gida biyu: a bakin mai ba da labari in bi daidaitacciyar Hausa, in ce rigar ba rigan ba, amma a bakin tsohuwar cikin birni in bar mata harshenta, don da shi za a gane ta. Duk waɗannan abubuwa ne da ban zo duniya da su ba. Mutum ne ya zauna ya sa mini su a hannu ɗaya bayan ɗaya.

Malam yakan ce duk mai musun ana koyar da rubutu bai san tarihin garin nan ba. A farkon shekarun 1930 aka dawo da Hukumar Fassara Zariya, daga baya ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin wani Bature, Dakta Rupert East. A 1933 East ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana zama da malamai, yana roƙon su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko, abin da bai zo musu da sauƙi ba, domin a wurin malaman lokacin alƙalami na ilimi ne da addini, ƙagen labari kuwa na mata da yara ne da dare. Daga gasar nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East ɗin kansa. Imam yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina. A 1936 East ya sa aka kawo shi Zariya, ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turai, suka zauna tare ana rubutu ana gyara har aka sami Magana Jari Ce littafi uku. Imam bai ɓoye ba cewa a wurin East ya koyi dabarun aikin. Bayan nan ne ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, sannan aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945.

Na san Turawa ba don ƙaunar adabinmu kaɗai suka yi wannan ba, littattafan karatu suke nema wa makarantun boko. Kuma babu mai hankalin da zai ce Imam ba shi da baiwa. Malamai da yawa sun ji kiran East, kaɗan ne suka fito da abin da ya rayu har yau. Amma mai baiwar nan sai da aka zaunar da shi aka duba masa shafi. In har Imam bai fi ƙarfin gyara ba, ban ga dalilin da za a ce wa yarinyar yau ko dai ta iya tun daga ciki ko ta haƙura ba. Hanyar da aka buɗe ɗin nan ce ta miƙe har zuwa kamfanin buga littattafai na NNPC da aka kafa a Zariya a 1966, wanda gasarsa ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, littafin da ya nuna wa mata irina cewa akwai ƙofa.

A fagen waƙa ma ba mu taɓa yin wannan gardamar ba. Duk wanda ya yi karatun zaure a birnin Zariya ya san ana koyar da aruli, wato ilimin awon waƙa, kamar yadda ake koyar da nahawu da lugga, tun daga ma'aunan da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8. Malam Aliyu Namangi, mai Imfiraji, makaho ne, da kunne ya ɗauki karatu a gaban malamai, kuma wanda ya saurari baitocinsa ya san akwai awo a ƙarƙashinsu. Makaɗan baka kuwa, in an kawo Mamman Shata da bai gaji waƙa ba, sai a tuna da Musa Ɗanƙwairo da ya tashi a gidan kiɗa ya yi amshi kafin ya ja nasa ayarin. Rubutun zube ne kaɗai muka ware muka ce shi daga sama yake faɗowa.

Daga baya na koma makaranta, na yi Kwalejin Ilimi ta Tarayya a nan Zariya, na wuce Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru na karanta Hausa. A can na sami sunayen abubuwan da Malam ya riga ya sa mini a hannu: jigo da warwararsa, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe. Na kuma karanta abin da ban taɓa sanin akwai shi ba, kuma wannan ya faɗaɗa mini ido ƙwarai. A nan ne na fara gane cewa Malam ma yana da iyaka. Shi ɗan zamanin Imam ne, yana son karin magana a kowane shafi, kuma labarin soyayya bai taɓa kwanta masa ba. Akwai babin da ya ce in cire, inda matar aure take zaune ita kaɗai tana tunanin wanda aka hana ta aura. Ya ce bai dace ba. Na ce, "Baba Malam, wannan babin shi ne littafin." Muka yi ta ja cikin ladabi, a ƙarshe na bar shi, kuma shi ne babin da mata suka fi yi mini magana a kai. Malami yana iya jan ɗalibi zuwa muryarsa ba da saninsa ba, wannan haɗari ne na gaske. Amma da kayan aikin da ya ba ni na iya kare babin nan a gabansa. Allah ya ji ƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya koya mini ya zame masa sadaka mai gudana.

Yanzu bari in zo kan taruka. Na fara ne da zaman karatu na wata-wata da marubuta ke yi, inda mutum zai karanta shafi biyu a yi masa ca. Daga nan na fara zuwa babban taron shekara na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, wadda Chinua Achebe da abokansa suka kafa a Nsukka a 1981, da kuma bukukuwan littattafai irin KABAFEST na Kaduna da aka fara a 2017, da tarukan Ranar Hausa ta 26 ga Agusta. Tafiyar mace zuwa taro ba ƙaramin shiri ba ne: a nemi izinin maigida, a nemi mai kwana da yara, a yi miyar kwana biyu a ajiye, sannan a cika jakar bakko da littattafai a ja ta zuwa Kwangila. Sau da yawa rabin jakar yakan dawo gida. Ban taɓa nadamar zuwa ba, domin a tarukan nan na ga fuskokin mutanen da na girma ina karanta sunayensu, na kuma san cewa ba ni kaɗai ce ke kwana da biro ba.

Amma in gaskiya za a faɗa, a wasu tarukan abin da ake yi a babban teburi ba shi da yawan amfani ga mai neman koyo. A jira babban baƙo har azahar, a yi jawabin maraba da na godiya, a ƙaddamar da littafi, a yi alƙawarin kuɗi a lasifika, a ɗauki hoto. Karatun gaske da dare ake yin sa, a masauki, bayan an cire mayafi an zauna a ƙasa ana cin gyaɗa. A irin wannan zaman ne wata babbar marubuciya daga Kano, wadda nake kira Yaya, ta ciro tsohuwar kalanda daga jakarta ta juya bayanta ta nuna mana yadda take zana littafi gaba ɗaya kafin ta rubuta kalma ɗaya: kowane babi da akwatinsa, kowane tauraro da launin bironsa, ta yadda in wani ya ɓace babi biyar a jere ido zai gani nan take. Ban taɓa jin wannan a wani jawabi ba, kuma har yau da shi nake aiki.

Abin da ya sa na ɗauki wannan magana da zafi ya faru ne a wani taro, ina zaune a babban teburi. Wata yarinya, ba za ta wuce shekara ashirin ba, ta miƙe rungume da fayil, muryarta na rawa, ta yi tambayar nan. Wani babban marubuci da nake girmamawa ya karɓi lasifika ya ce rubutu baiwa ce, kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, wanda Allah bai ba shi ba ya nemi wata sana'a kada ya ɓata takarda. Aka yi tafi. Ni idona na kan yarinyar. Ta zauna, ta tura fayil ɗin cikin jaka a hankali, ta ja zif. Kafin lasifika ta iso gare ni aka ce lokaci ya ƙure.

Da aka tashi na bi ta har bakin ƙofa na ce, "'Yata, ba ni in gani." Ta ce, "Anti, ba shi da kyau." Na ce ba ni dai. Muka zauna a kan dakali. Labarin yana da duk ciwon da nawa na farko yake da shi: gaisuwa, da fara doguwa, da wa'azi. Amma a shafi na shida akwai sakin layi guda inda uwa ke ƙirga ƙwayoyin maganin mijinta a tafin hannu, tana raba kowace biyu da wuƙa don su kai ƙarshen wata, tana yi tana juya wa ƙofa baya. Na sa mata yatsa a wurin na ce, "Wa ya gaya miki wannan?" Ta ce ba wanda ya gaya mata, a gidansu ta gani. Na ce to daga nan labarinki ya fara, shafi biyar ɗin farko share fage kike yi. Da an bar ta da amsar babban teburi, da sakin layin nan ya mutu a cikin jaka. Shi mai maganar, na tabbata, ba da mugunta ya faɗa ba. Ya manta ne da waɗanda suka duba masa nasa shafukan yana saurayi. Amma kalmar baiwa in ta fito daga bakin babba, ƙofa take rufewa, kuma waɗanda ta fi rufewa a kansu su ne 'yan mata da 'ya'yan talakawa, waɗanda da ma ba su da mai ce musu ku ci gaba.

Ba ina cewa komai ake koyarwa ba. Shekarun da na yi a aji sun nuna mini ɗalibar da za ta bi kowace ƙa'ida, ba kuskure ko ɗaya, amma shafin ba rai. Irin wannan nakan aike ta ta zauna a tsakar gidansu ta rubuto mini abin da hannayen mutane ke yi, ban da fuska, ban da magana. Wasu sukan dawo da abin mamaki, ashe ido ma ana iya buɗe shi. Wasu kuma sukan dawo yadda suka tafi. Naci ba a ba mutum shi, haka ma ƙaiƙayin da ke tayar da mutum tsakar dare, kuma babu mai yi wa wani karatu. Wadda ba ta karanta littattafan wasu ba, ko wa ya koyar da ita ba za ta yi nisa ba. Ina kuma jin takaicin azuzuwan da ake buɗewa a WhatsApp a karɓi kuɗin yara, a tura musu jawabin murya na mako guda, a ba su takardar shaida ba tare da an taɓa duba shafinsu ko ɗaya ba. Wannan ba koyarwa ba ce. Koyarwa sai an zauna a kan abin da ɗalibin ya rubuta da hannunsa.

A ƙasashen waje ma da wannan tsarin suka tafi. A Jami'ar Ayowa ta Amurka an kafa shirin horar da marubuta a 1936, shekarar da Imam ke zaune da East a Zariya, kuma ginshiƙinsa shi ne a karanta aikin ɗalibi a tattauna shi. A Ingila, Jami'ar East Anglia ta fara nata a 1970, kuma Kazuo Ishiguro da ya ci kyautar Nobel a 2017 ɗalibin wurin ne. A nan gida, tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016, na ga yadda ƙayyade yawan kalmomi kaɗai ya tilasta wa 'yan mata koyon yanka, suna zuwa suna tambaya wanne za a cire, wanne za a bari.

Yanzu duk Asabar bayan la'asar akwai 'yan matan da ke zuwa gidana, wasu da takarda, mafi yawa da waya. Nakan sa kowace ta karanta nata da ƙarfi, sauran su saurara, in tambaye su a ina hankalinsu ya tafi, a ina ya dawo. Wasu sun yi aure sun bari, wasu suna nan suna fama, akwai kuma wadda a yau ta fi ni iya tsara zance tsakanin taurari, ina kai mata nawa ta duba mini. Game da taruka kuwa, na sa wa kaina sharaɗi. Duk wanda ya gayyace ni nakan roƙe shi ya cire sunana daga babban teburi, ya ba ni ɗaki ko inuwar bishiya, da awa biyu, da matasa kaɗan waɗanda kowannensu zai zo da shafi uku na abin da ya rubuta. Wasu masu shirya taron sun yi na'am, wasu sun ce jadawali ya cika. Inda aka yarda nakan ja jakata in tafi, inda ba a yarda ba nakan aika musu da littattafai da gaisuwa.